Ƙararrawar da Ke Kuka Ba Kowa a Ruwa

Shekarata goma sha ɗaya ke nan a sashen gyare-gyare na otal ɗin nan namu na Gusau, kuma yawancin ranakun aiki sun shige ba zan iya rarrabe wannan da waccan ba. Amma har gobe ban taɓa mantawa da ranar da ƙararrawar kwamin ninkaya ta fara kuka alhali babu kowa a cikin ruwa ba. Ku da kuka zo bayanmu kuna ganina kowace safiya ina jefa jarka a kwami, na kuma san wasunku suna yi mini dariya a bayan ido. To ga dalilin.

Sunana Lawali, mutumin Tsafe ne ni. A lokacin ina mataimakin shugaban sashe, wato ni ke bin ɗakuna in duba wuta da famfo da na'urar sanyaya ɗaki, shugaban kuma ya sa hannu a takarda. A shekarar nan shugaban ya tafi aikin Hajji, saboda haka komai ya dawo wuyana, tun daga janareto har kwamin ninkaya.

Ni na matsa aka sayo ƙararrawar, kuma ina da dalilina. Ina da shekara goma sha biyu Inna ta ba ni tsaron ƙanwata Hassi a bakin wani kududdufi a Tsafe. Mata na wanki kusa da mu, ni kuma hankalina ya tafi wurin wasa. Hassi ta nitse, babu wanda ya ji komai. Mutane suna zaton mai nitsewa yana ihu yana dukan ruwa, amma ƙaramin yaro shiru yake tafiya ƙasa. Tun daga ranar ba a ƙara ambaton sunan Hassi a gabana a gidanmu ba. Shi ya sa da aka gina kwami a otal, na dame Manaja da maganar ƙararrawa har ya gaji ya amince.

Bari in bayyana yadda take aiki, don wanda bai taɓa buɗe ta ba. Akwati ne ɗan ƙarami da aka ɗaure da kusoshi a gefen kwami, yana da bututu da ya nutsa cikin ruwa kamar tsawon kamu ɗaya. Ba ido gare ta ba, ba ta ganin kowa. Idan abu mai nauyi ya faɗa, yakan ture ruwa ta ƙarƙashi, turin ya bi ta cikin bututun ya danna wata fata siririya da ke cikin akwatin, sai jiniya ta tashi. A lokaci guda tana aika saƙo zuwa wani akwatin a teburin karɓar baƙi, shi ma ya kama ƙara. Iska ko ganye saman ruwa kawai suke kaɗawa, don haka ba ta kula su. In mutane za su yi wanka, akan goga mata wani ɗan mayen ƙarfe ta yi barci, idan kuma ruwa ya kwanta na 'yan mintoci sai ta farka da kanta, fitilarta ta koma kore. Wata huɗu tana aiki ba ta taɓa ba mu matsala ba.

Ranar Litinin ce, saura mako ɗaya Babbar Sallah, damina ta fara sauka. Da hantsi ina ɗakin ajiyar kayan aiki sai na ji jiniya. Na fito a guje, Rabi mai karɓar baƙi tana bina a baya da takalmi a hannu. Na tarar ƙofar shingen kwami a kulle da kwaɗo, makulli kuma yana aljihuna. Na buɗe na shiga. Ruwa yana ta rawa kamar yanzu wani ya faɗa, amma garau yake, ina hango tayil ɗin ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Babu mutum, babu dabba, babu ko takalmi. Na zaga sau biyu na kashe jiniya, na ce wa Rabi wataƙila batir ne.

Na sa sabon batir. Bayan La'asar ta sake tashi. Ranar Talata sau uku ta yi, kuma ba ta da lokaci, yau da hantsi, gobe da rana tsaka. Kowane karo in yi gudu, in tarar da ƙofa a kulle da ruwa yana rawa.

Babu abin da ban zarga ba. Na zargi iska, amma ranar Talata ko ganye ba ya motsi. Na zargi injin tace ruwa, na kashe shi yini guda, ba ta fasa ba. Na kamo wani ƙaton kwaɗo a cikin ciyawa na jefa shi da hannuna, ya yi iyonsa ya fita, ƙararrawa ko gezau. Na kira wanda ya sayar mana da ita, ya tambaye ni ko akwai iska, na ce babu, ya ce to in duba batir. Muka duba kyamarar tsaro ni da Rabi. Kyamarar ƙofa take kallo da rabin kwami, kuma abin da muka gani ya ƙara ɗaure mini kai: ruwa kwance lafiya lau, can sai ga igiyarsa ta taho daga ɓangaren da kyamara ba ta kaiwa. A wancan ɓangaren kuwa babu komai sai 'yar ciyawa mai danshi da katanga wadda ta fi ni tsawo. Bayan katangar fili ne na mai otal, inda ake tara ragowar bulo da tsofaffin gadaje. A makon an kawo raguna uku na layya an ɗaure a can, muna jin kukansu, amma rago ba ya tsallake katanga ya yi wanka ya koma.

Rabi ta dube ni ta ce, "Malam Lawali, ruwa fa yana da masu shi. Kun haƙa rami kun tara ruwa, ba ku tambayi kowa ba."

Na ce, "Haba Rabi, ke da kika yi boko?"

Ta ce, "Na yi boko. Kai da ka yi gyara, gaya mini mene ne."

Kafin yamma magana ta zaga otal. Masu shara suka daina bi ta gefen kwami, mai dafa abinci ya ce ya san wani malami a Bungudu da ke wannan aikin. Ni ina yi musu dariya, amma ba zan ɓoye muku ba, ranar Laraba na kama kaina ina karanta Ayatul Kursiyyu kafin in zura makulli a kwaɗo.

Ranar Alhamis na ɗauko kujera na zauna a bakin kwami tun ƙarfe bakwai, na ce yau ko mene ne sai mun ga juna. Har sha ɗaya shiru. Sai aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi, aka aiko in zo. Ina sunkuyawa a kan janareto jiniya ta ɗauka. Wannan karon an yi rashin sa'a, domin akwai masu taron bita a babban ɗakin taro. A garin da mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, jiniya ba abin wasa ba ce. Mutane suka watse, wani dattijo ya fita ta taga, wata mata ta bar jakarta da takalmi ɗaya.

Manaja ya kira ni ofis. Mutum ne mai sauƙin kai, amma ranar ko kujera bai nuna mini ba.

Ya ce, "Lawali, kai ka kawo abin nan. Mene ne ke damunsa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban gano ba tukuna. Amma ruwa ba ya tsami banza."

Ya ce, "Karin magana ba zai dawo mini da baƙi ba. Zuwa gobe Juma'a, ko ta yi shiru ko ka kwance ta ka kai sito."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Sallah ce ke tafe. Ka san yadda yara ke cika wurin nan."

Ya ce, "Na sani. Na kuma gama magana."

Na fito na rasa tudun dafawa. In na kwance ta, za mu shiga kwanakin Sallah, lokacin da iyalai ke zuwa da yara cikin mota da Keke, babu abin da ke tsaron ruwan in mai gadin kwami ya juya baya. In na bar ta, za ta sake kuka a kwance ta da ni gaba ɗaya.

A nan na yi kuskuren da har yau ina jin kunyarsa. A cikin akwatin akwai wani ɗan noti da ake murzawa don a ƙara mata kaifin ji ko a rage. Da yamma na kawo sukundireba na murza shi baya har ƙarshe. Ƙa'idar aiki ita ce duk wanda ya taɓa notin nan sai ya gwada: a cika jarka mai lita goma da ruwa, a jefa ta daga nesa da akwatin, a ji ko za ta yi kuka. Ban gwada ba. Na gaya wa kaina wai don kada in tayar da hankalin baƙi ne. Gaskiyar magana tsoron abin da zan gano nake yi.

Juma'a shiru, Asabar shiru. Fitila kore tana ta ƙiftawa gwanin sha'awa. Manaja ya gamu da ni a baranda ya dafa kafaɗata ya ce ai ya san zan iya. Rabi ta ce addu'a ce ta ci. Ni dai na karɓi yabo, amma abinci ba ya yi mini daɗi.

Ranar Lahadi, jajiberen Sallah, ina ɗakin kayan aiki sai na ji sallama. Wani tsoho ne siriri da hular saƙa da ta koɗe, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa. Baba Ɗanjumma sunansa, mutumin Nahuce, shi mai otal ya ɗauko ya yi kiwon ragunan nan har zuwa Sallah. Sau ɗaya muka taɓa gaisawa a bakin get.

Ya ce, "Kai na Malam Lawali mai gyara?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Bismilla, ga benci."

Bai zauna ba. Ya ce, "Abin nan naku mai kuka ya mace. Na ce bari in hwaɗa maka, kada ya zan ba ka sani ba."

Na ce, "Wane abu?"

Ya ce, "Wanga na bakin ruwa. Da can in na jehwa guga sai ya ɗau kuka awa an taka wutsiyar kare. Yau kwana ukku ina jehwawa, ko tari bai yi ba."

Na ce, "Baba, wane guga?"

Ya ce in taho in gani. Muka zaga bayan katanga, wurin da rabona da shiga tun ana gini. Ga raguna uku sun yi ɓul-ɓul, ga kwano babba a rana cike da ruwa. A jikin katanga ya jera bulo hawa uku. Ya hau, ya ɗauko gugan roba irin na rijiya mai doguwar igiya, an ɗaura masa dutse a baki don ya nutse da wuri. Ya kife shi, ya cilla ta saman katanga. Na ji tsundum daga can ciki. Ya ja igiya hannu bi hannu, ya sauke guga cike, ko minti ɗaya bai yi ba.

Na ce, "Baba, ga famfo can a bayanka."

Ya ce, "Wanga? Ɗiga yaka yi. In na tsaya jiranai dabba ta mace da ƙishi. Ga rijiya buɗe."

Na ce, "Ba rijiya ba ce, kuma ruwan akwai magani a ciki."

Ya ce, "Na ji warinai. Shi ya sa nika shanya shi ga rana sai wari ya hita kana su sha."

Na ce, "To me ya hana ka nemi izini?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce a garinsu ba a neman izinin ruwan da dabba za ta sha, ko rijiyar maƙiyinka ce.

Na ce, "Kwana huɗu muna gudu muna neman abin da ke tayar da ita. Ba ka ji mu ba?"

Ya ce, "Na ji gudunku. Na aza aikinku ke nan, in ta yi kuka ku zo ku lallashe ta. Wa yat tambaye ni?"

Babu wanda ya tambaye shi. Mun tambayi kyamara, mun tambayi mai sayarwa, saura kaɗan mu tambayi malamin Bungudu, amma tsohon da ke zaune taku biyar daga ruwan bai zo mana a rai ba, don ba ya cikin jerin ma'aikata. Na fara dariya, sai na tuna da notin da na murza. Guga da dutse in ya nutsa, turin da yake yi bai fi na ƙaramin yaro ba. Ashe ƙararrawar ba ta taɓa yin ƙarya ba ko sau ɗaya. Ni ne na toshe mata kunne, garin neman gira na kusa rasa ido.

Na ruga na cika jarka na jefa a kwami. Ta nutsa ta taso, ruwa ya yi ta rawa, fitila kore tana ƙiftawa, shiru. Kwana uku ke nan muna da akwatin ado a bakin ruwa. Na buɗe, na mayar da noti inda yake, na jira ruwa ya kwanta, na sake jefawa. Jiniya ta tashi, Manaja ya fito a fusace. Na kai shi bayan katanga na nuna masa bulo da guga, ya yi dariya har da riƙe ciki. Da na gaya masa abin da na yi wa notin sai ya daina. Ya ce a bar ta yadda take, in kuma gyara famfon baya yanzu-yanzu. Yashi ne ya toshe shi, minti goma ya ɗauke ni.

Ranar Talata, washegarin Sallah, otal ya cika maƙil. Dokarmu ita ce ƙarfe ɗaya da rabi a fitar da kowa daga ruwa, a rufe ƙofar shinge, a tafi salla. An yi haka, sai dai saboda kayan mutane suna ciki, sakata kawai aka sa ba kwaɗo ba. Daga baya muka gano wata baƙuwa ta koma ɗauko jakarta ta bar ƙofar a buɗe.

Muna raka'a ta biyu a ɗan masallacinmu na wajen ajiye motoci sai jiniya ta tashi. Wallahi abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne, gugan Baba ne. Babu wanda ya motsa a sahu, na san kowa abin da ya raya ke nan. Idona yana ƙasa, sai na ga ƙafafun da ke manne da nawa ta dama, masu faso, wando a naɗe zuwa gwiwa. Baba Ɗanjumma ne, an riƙe shi ya taya aikin nama. Ragunan kuwa tun jiya suna cikin tukunya.

Na yanke salla na fita ba takalmi. Akwai mata a ƙarƙashin rumfa kusa da shinge, sun toshe kunnuwa suna kallon akwatin da ke ƙara, ba wadda ta kalli ruwa. Ni ma da farko ban ga komai ba. Can sai na hango wani abu ruwan hoda a ƙasa, ya baje kamar zanen da aka jiƙa. Na faɗa da kaftanina. Yarinya ce 'yar shekara uku da rigar Sallah, hannuwanta sun sha lalle, ba ta ko motsin kirki. Na fito da ita na kwantar a gefe, na yi mata taimakon gaggawa da aka koya mana. Ta yi tari, ta amayar da ruwa, ta tsala kuka. Ban taɓa jin kuka mai daɗi irin wannan ba. Uwarta ta iso tana salati, ita a zatonta yarinyar na wurin yayyenta. Aka sa su a mota zuwa asibiti a duba ta, da yamma uban ya kira ya ce lafiya lau.

Na koma na rama sallata da jiƙaƙƙen kaya. Liman ya ce abin da na yi shi ne daidai. Rabi ta same ni daga baya idonta ja, ta ce ita ma da ta ji ƙarar hannu ta kai za ta kashe akwatin teburinta, ta ɗauka guga ne.

Baba Ɗanjumma ya kama hanyar Nahuce ranar Laraba da ƙunshin namansa. Na raka shi bakin titi ina ta yi masa godiya, shi kuma bai ga abin godiya ba. Ya ce, "Abu ya mace, na hwaɗa ma mai shi. Mi ab abin godiya?"

Da na je Tsafe gaisuwar Sallah na ba Inna labarin. Ta saurara har ƙarshe tana kallon tabarma. Sannan ta ce, "Allah ya jiƙan Hassi." Shekara talatin rabon da in ji sunan a bakinta.

Abin da wannan ya koya mini ba shi da yawa. Na'ura ba ta san ƙarya ba, in ta yi kuka akwai abin da ya taɓa ta, aikinmu mu nemo shi, ba mu toshe mata baki don mu sami yabo ba. In kanku ya ɗaure, ku zaga bayan katanga ku tambayi wanda ba a gayyata taro. Sannan ko sau ɗari ta yi kuka kuka tarar da guga, na ɗari da ɗaya ma ku yi gudu. Wanda ke da aikin safe gobe ya same ni a bakin kwami ƙarfe bakwai, ya zo da jarkar a cike.